Tsohuwa Mai Daɓe a Cikin Jini

Mu da muka tashi a ƙauyen bayan Bwari, kafin gine-gine su cinye gonaki, tatsuniya a bakin murhu muke shan ta, da zarar an sauke tuwo. Kakarmu Iya Hanne ba ta iya tatsuniyar dariya ba, wallahi. Ita dai ta ga yaro ya ƙanƙame ɗan'uwansa, to ranta ya yi fari.

Wata rana bayan magariba ta ce kowa ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, ya yi shiru. Muka toshe. Can ciki na ji wani abu yana dum, dum, dum.

"Kun ji ta ko?" in ji Iya. "Mai daɓe ce. Tun ranar sunanku ta kama aiki."

Wai a jikin kowane mutum akwai hanyoyin da jini ke bi, masu laushi kamar ɗanyen yumɓu, jini ya taho su buɗe masa, ya wuce su koma. To akwai wata tsohuwa a ciki, riƙe da madaɓi, itacen nan da mata ke dukan ƙasan ɗaki da shi. Kullum tana bugu. Shekara na bin shekara, hanyoyin na yin kauri suna tauri, har su daina buɗewa, sai zuciya ta yi ta turo jini da ƙarfin tsiya. Gishiri shi ne ruwan da take yayyafawa, wanda ya cika shi a miya aiki ya taya ta. Ranar da ta gama, daɓen sai ya tsage.

Ƙanena ya tambayi yadda ake korar ta. Iya ta kama yatsuna ta ɗora a gefen goshinta. Jijiyar na nan a murɗe, da tauri kamar igiya.

"Ba a korar ta, 'yar nan. Nawa daɓen ya kusa kammaluwa."

Damina ba ta ƙare ba aka tsince ta a bakin randa, baki a karkace, rabin jiki ya mutu. Ba ta sake magana ba har ta rasu.

Na girma ina cewa tsoratar da yara ne kawai. Bara, a wani asibiti a Kubwa, likita ta auna ni, ta sake aunawa, ta ce hawan jini ne, jijiyoyin sun fara tauri, shekaru ne ke kawo shi. Magani ba ya mayar da su sabbi, yana dai sassauta abin. Na fito tsoro ya kama ni sosai.

Yanzu na gane Iya gaskiyar jikinta take faɗa mana, da irin bakin da take da shi. Nakan haɗiye ƙwayata kowace safiya kafin in hau motar aiki, miyata lami. Autana yana aji biyu na firamare, ubansa ya rasu. Ban roƙa a kori mai daɓe ba. Allah dai Ya sa ta yi a hankali har yaron nan ya iya riƙe kansa.