Tsohon da ke Kallon Panda

A layin ganin likitan ciwon suga a unguwar Rusaifa, Nu'uman yana kallon wani tsoho mai farar jallabiya. Takalminsa ya daɗe, amma ƙasansa bai ci ba. Da alama 'ya'ya sun hana shi fita.

Talabijin na bayanin panda, dabbar nan ta China. Na daji tsutsar ciki da yunwa ke kashe su, na gidan zu kuwa sai sun tsufa hawan jini ya ɗauke su.

"Ka ji ko, Baba?" in ji 'yar tsohon da ta rako shi. "Wanda ake tsarewa ya fi daɗewa."

"Na ji, Manal."

Tana duƙawa kan wayarta, ya zaro dabino daga aljihu ya jefa a baki. Yana taunawa a hankali, idonsa na kan na dajin.