Wayoyin da Alhaji ya raina

Shekarar da soja suka koma bariki, malamina ya zaro rediyon oba-obansa daga rumbun gero a Lajawa, inda ya ɓoye ta tun zamanin da riƙe irinta ke jawo wa mutum tambayoyi. Shi ya koya mini harkar. A lokacin ciwo ya kwantar da shi, kuma rediyon ba ta kaiwa Wudil, inda muke. Sai mu 'yan ƙungiyar masu oba-oba muka nemi izini, muka kafa na'urar da ke karɓar murya ta cilla ta nesa. Na yi masa alkawarin muryarsa ce za ta fara bi ta ciki.

Da eriya ɗaya na'urar ke ji take kuma magana, don haka akwai gwangwanaye shida masu raba aikin biyu. Wayoyin da ke haɗa su kowace da tsawonta, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Ka ƙara faɗin yatsa, na'urar ta kurmantar da kanta da nata ihun. Mako biyu na yi ina awo ina yanka.

Ranar buɗewa aka gayyato sabon kansila. Na dawo daga azahar na tarar an tsige wayoyina, an sa dogaye, an naɗe su gammo-gammo. Shugabanmu, wani Alhaji mai shagon kayan lantarki, sai murmushi yake.

"Alhaji, ina wayoyina?"

"Haba Malam, waɗannan guntayen? Kansila ya gani ya ce rowa muka yi? Na kawo sababbi, har da rara."

"Rara! Shadda ce, Alhaji?"

Ashe har ya sa an datse kawunan ƙarfen da ke bakin wayoyina an maƙala wa nasa. Aka kunna, ba a jin komai sai shuuu. Kansila ya yanke ƙyalle, aka tafa, aka sha lemo, kowa na yabon kyan wayoyi. Har yau in na tuna tafin nan raina ɓaci yake.

Sai da na kwana goma kafin na samo wasu kawunan a Kano na sake yanka. Malamina bai kai ba, ya rasu ana saura kwana uku in gama.

Da na je ta'aziyya matarsa ta ce mini, "Ranar buɗewar nan tun azahar ya sa na jingina shi da bango. Yana ta kiran sunanka a rediyo har la'asar. Daga baya ya ce in kashe, wai ƙila baƙi ne suka yi maka yawa."