Yadda Sajan Ta Bar Ɗakin Inna

Sajan ba soja ba ce, ko bindigar wasa ba ta taɓa riƙewa ba. Mai jinya ce, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, kuma Inna ce ta laƙaba mata sunan saboda yawan umarninta: a buɗe baki, a ɗaga hannu, a haɗiye. Ta yi shekaru a ɗakin nan mai warin man zafi, tun Inna tana gane 'ya'yanta har ta kai ga tambayar Yaya, babbar 'yarta, ko ita ce mai wanki. Kowa ya zube daga ƙwaƙwalwar tsohuwar, ban da Sajan. Ba ta cin abinci sai daga hannunta. In wani ya miƙo cokali, sai ta datse baki ta juya wa bango.

Shi ya sa ranar da Sajan ta zaunar da Yaya a falo ta ce za ta ajiye aiki, Yaya ta yi saurin tare ta da tambaya.

"Wani ne ya ɓata miki rai?"

"Ko kaɗan, Yaya. Bayana ne. Jiya da na ɗaga ta daga kujerar wanka, sai da ƙafafuna suka yi rawa. Ba zan jira ranar da za ta suɓuce mini ba. Ke na fara gaya wa, don kada ki ji a bakin wani. Ku nemo wata, ni kuma ba inda za ni sai Inna ta ci a hannunta."

Yaya ta ce a ranta, ashe kuwa babu ranar tafiya.

Aka kawo sabuwa, doguwa mai sanyin murya, Inna ta tarbe ta da jifan filo. Sajan ko a jikinta. Ta koya wa sabuwar komai, ba ta ɓoye ko ƙanƙani don a riƙa nemanta ba: a taɓa kafaɗar dama kafin a yi magana, a ɗumama cokali a tafin hannu, in Inna ta tambayi maigidanta kada a ce ya rasu, a ce ya fita. Har ɗankwalinta mai ruwan toka ta cire ta ɗaura mata, ta haɗa mata da turaren da take shafawa.

Daga nan ta fara ja da baya. Da farko hannunta na bisa hannun sabuwar a kan cokali. Sai ta koma gefen gado, baki kawai take sawa. Sai kujerar bakin taga, sai bakin ƙofa, ba ta ko tari. Wata rana da hantsi Inna ta yi ta kiran sunanta, Yaya ta fito ta sami Sajan a bayan ƙofa, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. A ciki sabuwar ce ke amsawa, "Ga ni, Inna."

"Ki shiga mana, ke take kira," in ji Yaya.

"In na shiga, aiki ya koma ɗanye."

Yaya ta ga masu barin aiki iri-iri a ofishinsu, har da mai tafiya da makulli a aljihu yana fatan komai ya rushe a bayansa don a san darajarsa. Ba ta taɓa ganin wanda ya zauna yana goge kansa daga zuciyar mutum da hannunsa ba. Abin ya ba ta tsoro, ya kuma sa ta fara jin nauyin haɗa ido da matar nan.

Ranar sallama Sajan ta tsaya a ƙofar ɗaki da jakarta, cikin kayan fita. Inna na zaune, ta share kwanonta tas, sabuwar na goge mata baki. Tsohuwar ta dubi mai tsayuwar sama da ƙasa, sannan ta taɓa hannun sabuwar.

"Sajan, baƙuwa muka yi. Ba za ki ba ta ruwa ba?"

Sabuwar ta miƙo kofin ruwa. Baƙuwar ta durƙusa duk da ciwon bayan, ta karɓi kofin hannu biyu, ta shanye.

"Na gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya."

"Ki gaida gida," in ji Inna.

Yaya ta ɗaukar wa Sajan jaka har bakin get. A nan Sajan ta share ido da bayan hannu, ta dube ta tana murmushi.

"Kin dai gani ko, Yaya? Ko loma ba ta rage ba."