Abin da Baba ya gaya wa ordinater

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan" nake a bakinsa, daga baya da na zama malama a kwaleji a Magaria sai na koma "mai lakwal", wato mai makarantar boko. In na je Dantchiao na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. In yana da magana da ni, Gwaggo yake gaya wa, ƙanwarsa da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita kuma ta juyo ta maimaita mini, alhali ina zaune ina ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Amma ta ci ni, domin mahaifiyata ta rasu ina goye, kuma shi kaɗai ya san ta sanin gaske. Gwaggo tana aure can wajen Daura a lokacin, abin da ta sani bai wuce cewa doguwa ce ba.

Na sha aika Gwaggo ta roƙe shi ya ba ni labarin mahaifiyata. Ranar da ya gaji sai ya ce mata, "Ki gaya mata ba maganar da za a yi ido da ido ba ce."

To, ai ni ordinater, wato kwamfuta, nake koyarwa. Na ɗauko tsohuwar tawa ta hannu mai aiki da tsarin Linux, na rubuta ɗan sikirif, wato 'yan layukan umarni a cikin fayil guda, wanda zai kunna makirfo ya naɗi murya ya adana. Mu da muka saba, baƙar taga muke buɗewa mu rubuta umarni da hannu. Baba kuwa ajami kawai yake karantawa, ina shi ina baƙar taga. Sai na ba fayil ɗin izinin aiki, na gyara tsarin yadda danna shi sau biyu zai sa ya tashi, na share komai daga fuskar allon na bar shi shi kaɗai a tsakiya. In an danna sai a ji ƙit, ya fara naɗa. In an sake dannawa ya tsaya. Ba taga, ba rubutu, ba tambaya. Har yabon kaina na yi ranar.

Gwaggo na koya wa a tsakar gida, da murya sama-sama. Shi yana bakin zaure yana gyaran igiyar akuya kamar ba ya ji. Na haɗa musu da solar da suke cajin waya, na hau kabu-kabu na koma.

Da na zo hutu na kwashe abin da ya naɗa a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinater a kwashi fayil, na saurara a ɗakina. Wallahi sai da na ajiye abinci. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa mini jimla uku ba, ga shi yana zuba. "To, ke na'ura, ki gaya mata," haka yake farawa kullum. Amma fa kewaye-kewaye yake ta yi. Shekarar da fara ta cinye gero, jakin da ya gudu da amalanke har Kwaya, rigimarsa da wani maƙwabci kan bishiyar gawo. Na yi ta tsaki ina cewa Baba, ka zo kan magana mana. A naɗin ƙarshe ya iso kasuwar Sassumbrum, inda ya ga wata yarinya mai sayar da man gyaɗa ta ƙi rage masa ko kaɗan, har ta ce in bai iya saye ba ya matsa wa masu saye. Na san mahaifiyata ce. Ya yi dariya, ya yi tari, sai ƙit.

Da damina ta kankama ordinater ta ƙi tashi. Ni kuma an tura ni horo Damagaram. Ɗan Gwaggo, wanda ke gyaran waya da kwamfuta a Najeriya, ya zo gaisuwa ya tarar da ita. Mutumin kirki ne, kuma ya iya aikinsa. Ya ciro fayilolin a kile, ya sauya faifan ajiyarta da ya mutu, ya sake zuba tsarin, ya mayar da komai, har ya ajiye fayil ɗin a tsakiyar allo inda yake. Abin da bai sani ba, don ba da irin wannan tsarin ya saba aiki ba, shi ne fayil in ya bi ta irin wannan kile izinin aikinsa zubewa yake. Sunan yana nan, layukan suna nan, amma in ka danna ba ya tashi. Buɗewa kawai yake a farar taga ya nuna maka abin da ke rubuce cikinsa.

Gwaggo ta kira ni a waya tana murna. "Babanki ya ce a gaya miki abin naki ya ƙara ilimi. Da ƙit kawai yake, yanzu har rubutu yake fitarwa."

Na yi dariya na ce Gwaggo ke dai da Baba ba ku rabo da abin dariya. Na ɗauka wani saƙo ne na sabon tsari yake leƙowa. Layin ma yana yankewa, muka yi sallama.

Baba ya rasu ana tsakiyar girbi, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Bayan an watse daga zaman makoki na shiga zaure na buɗe ordinater. Na duba inda muryoyin ke taruwa. Na ƙarshe shi ne na kasuwar Sassumbrum. Na danna fayil ɗin sau biyu, farar taga ta buɗe, ga layukan da na rubuta da hannuna suna kallona. Nan na gane. Shi da bai karanta boko ya ga rubutu ya cika allo, ya ɗauka maganarsa ce ake rubutawa.

Na ji haushin ɗan Gwaggo, na ji haushin kile, na ji haushin wannan kunya tamu da ta sa uba sai ya bi ta na'ura kafin ya kai ga 'yarsa. Gyaran bai fi umarni guda ba, na yi shi nan take, na danna, na ji ƙit a zauren da ba kowa.

Na fito na sami Gwaggo tana sheƙe gero. Na tambaye ta ko Baba ya ci gaba da zama da abin bayan gyara.

"Kullum bayan la'asar," ta ce. "Damina guda cur. Ya tura ƙyaure ya yi ta magana. Wani lokaci in ji shi yana dariya. Akwai ranar da ya fito idonsa jajir, ko tuwo bai ci ba, ya ce in gaya miki ya gama, ya sauke nauyi."

Na ce, "Gwaggo, don Allah, me kika ji yana cewa? Ko kalma ɗaya."

Ta ajiye faifan ta dube ni kamar na faɗi abin kunya.

"Haba 'yar nan. Yayana yana ganawa da 'yarsa, ni kuma in tsaya bakin ƙofa ina saurare?"