Gulbin da Ke Komowa Inda Ya Tashi

Mun tashi da asuba, ni da mahaifina, amma tashin namu daga gida ne kawai. A tashar Sabon Birni direbobi ba su kama hanya sai rana ta fito, kuma sai motoci sun taru sun bi juna. Na zauna ina buɗe ledar maganin Baba, in ɗaure, in sake buɗewa. Shi kuwa yana zaune da sandarsa tsakanin ƙafafu.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar. Baba mai fito ne. A ƙauyenmu na bakin gulbi, wajen Gatawa, shi ke ƙetarar da mutane idan damina ta cika ruwa. Yakan kwanta da ƙirji kan babban gora, ya tura kayansu cikin masaki a gabansa. Tun da rashin zaman lafiya ya koro mu cikin gari, ya rage cin abinci, ya daina hira. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta ce in kawo shi ya zauna wurinta gaba ɗaya. Na goyi bayanta, don kullum da fargaba nake kwana. Da muka gaya masa, abin da ya ce kawai shi ne, "Za ni in gani." Ke nan ko in dawo da shi, ko in dawo ni kaɗai.

Daga Sabon Birni zuwa Isa kowa a mota idonsa na kan daji. Wasu gonaki gero ya fi mutum tsawo, wasu kuma ciyawa ta cinye su, don masu su ba su iya zuwa. A Isa muka canja mota. Kuɗin ya haura yadda na san shi, na tambayi dalili, ɗan kamasho ya ce in tambayi gidan mai. Muka kwana Sakkwato wurin wani ɗan'uwa, da safe muka ɗauki hanyar Gusau. A Funtuwa na hana Baba tsire don tsoron cikinsa. Ina dawowa daga alwala na same shi da ƙunshi biyu, ya miƙo min ɗaya ba tare da ya dube ni ba.

A Kaduna ƙanwata ta gyara masa ɗaki mai fanka da sabuwar katifa. Likita ya duba shi, ya ce jininsa ya ɗan hau, ban da wannan bai ga wani ciwo ba. Sai dai Baba yini yake a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, ba wanda ya sani balle ya gaisa da shi. Mijin ƙanwata ya ce ranar Asabar za a kai yara wurin wasan ruwa, a tafi da Baba, tunda mutumin ruwa ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na yi ta tunanin tsiraici, da tsabtar ruwan, da inda za mu yi la'asar, da abin da mutanenmu za su ce idan suka ji an ga tsoho irinsa a wurin wasan yara.

Wurin ya fi yadda na zata girma. Akwai wasu dogayen indararo na roba, ja da shuɗi, masu lanƙwasa kamar maciji. Yaro ya hau bene, ya zauna a bakin ɗaya, ruwa ya sulalo da shi ya watsa shi cikin tafki. Ihun yaran ne ya fara kama ni. Da na ji shi sai na waiga ina neman hanyar fita. A wajenmu idan yara suka yi ihu haka, ba wasa ba ne. Na daɗe kafin jikina ya yarda cewa dariya ce.

Can gefe akwai wani ruwa mai kama da ƙaramin gulbi, an yi masa gaɓa da siminti. Yana tafiya a hankali, mutane na zaune cikin tayoyin roba masu iska yana jan su. Nan Baba ya tsaya.

"Wa ke da ruwan ga?" ya tambaya.

Surukinmu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai an biya a ƙofa, sai shiga."

Baba ya girgiza kai. A al'adar masu fito, ba ka sa ƙafa a ruwan da ba naka ba sai ka gai da sarkin ruwan wurin, ka nemi izini. Ya duba ya ga wani saurayi mai jar riga da usur a wuya, wanda aikinsa lura da masu wanka. Ya nufe shi, ya cire takalmi, ya fito da goro daga aljihu. Kunya ta kama ni, na so in riƙe Baba, amma har ya isa gaban saurayin.

"Sarkin ruwa, baƙo ne ni, daga Gobir. Ina neman izini."

Saurayin ya rikice. Sai ya durƙusa ya karɓi goron da hannu biyu, ya ce, "Baba, bismilla, ruwan naka ne."

"Daga ina ya taso?"

"Inji ne ke tura shi, Baba."

"To ina za shi?"

"Zagayawa yake, ya dawo nan."

Baba ya naɗe wando ya shiga. Bai zauna cikin tayar kamar kowa ba. Ya kwanta a kanta da ƙirji, yadda yake kwanciya kan gora, ya fara tuƙi da hannu. Jikokinsa suka kama ƙafafunsa, yana jan su yana yi musu tsawa, "Ku riƙe da kyau, 'yan birni, kada kada ya ɗauke ku!" Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma na bi gaɓa da takalmansa da ledar magani, ina addu'a. Sai na ji ya yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna ƙauye. Na ce a raina shi ke nan, zai zauna Kaduna. Na yi murna, duk da na san ni kaɗai zan koma gida.

Ya zagaya ya dawo kan matakalar da ya shiga. Ya sake zagayawa, ya sake dawowa. Sai ya fito ya zauna a gaɓa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya daɗe yana kallo.

"Ruwan ga ɗaure yake, kamar akuya a turke," ya ce. "Ba ya kai kowa ƙetare. Yana da kyau, ba ya cin mutum. Amma haka kuke so ku yi da ni. Za ni gida."

Na ce, "Baba, mashigin naka ba ya zuwuwa yanzu."

"Na sani. Amma masu zuwa kasuwa na gaya min inda ruwa ya kai."

Ƙanwata ta yi kuka, ta roƙe shi har ta gaji. Ni kuwa na haɗa masa kayansa, duk da tsoron da ke raina.

Da muke dawowa, bayan mun baro Isa, muka iso wata gada, gulbi ya cika, ja wur da laka. Baba ya roƙi direba ya tsaya. Direba ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne, kuma gaskiyarsa, amma ya rage gudu. Baba ya leƙa ta taga ya yi wa ruwan sallama da ƙarfi, wata tsohuwa a baya ta amsa masa. Muka shiga Sabon Birni kafin la'asar. Ranar ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, ni ina neman inda Baba ba zai mutu ba, shi kuma yana neman inda zai rayu. Fargabata ba ta tafi ba, har yanzu ko ƙarar babur na ji sai na tashi zaune. Amma duk ranar kasuwa ina ɗaukar masa kujera zuwa tasha, ya zauna yana jiran mutanen Gatawa, ya tambaye su ruwa.