Damina Kawu Ya Zaɓa

A shekarata ta biyu ta karatu a Khartoum na gano Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ita kanta ba ta san kamanninsa ba. Wani dattijo Bahaushe mai sayar da huluna a kasuwar Suk al-Arabi ne ya ji sunan garinmu a bakina, ya tambayi na kakana, sai ya ce in hau motar Aljirif in nemi masu buga tubali a bakin kogi. Can na same shi, dogo, siriri, da irin goshin Inna sak.

Kakana ya bar gida ne a ƙafa zai je aikin hajji, bayan rasuwar matarsa. Ya tafi da Kawu yana yaro, ya bar Inna wurin kakarta ba ta daɗe da yaye ba, kuma bai dawo ba. Tun ina ƙarami nake jin Inna tana cewa ita ce ’yar da uba ya duba ya ajiye. Ba da kuka take faɗa ba, a tsakiyar tankaɗe ko tsintar wake take sako maganar ta wuce, amma mun san abin yana cin ta. Da labarin Kawu ya isa gida, yayyena suka haɗa mata kuɗin jirgi. Kowa ya san tafiya ɗaya ce, ba za a yi ta biyu ba, don haka aka bar mini zaɓen lokaci, ni da na san ƙasar.

Ni kuwa ina ganin na san ta ciki da waje. Watannin zafi ba a ma maganarsu, ruwan famfo sai ka bari ya huce kafin ka yi alwala. Damina, wadda suke kira harif, ba irin tamu ba ce mai sa gari ya yi kore. A Khartoum ruwa ba ya samun hanyar wucewa, sai ya kwanta a tituna ya haifi sauro. Saura lokacin sanyi, shita, wanda duk ɗalibin da ya san ciwon kansa yake gayyato iyayensa a cikinsa. Sojoji ke mulki a shekarun, ana layin burodi, ana layin mai, ana tsayar da motoci a bakin gada, amma a shita ko tsayuwar layi ba ta da zafi. Har na tsara yadda zan kai ta kasuwar Omdurman ta zaɓi laffaya da hannunta, in nuna mata inda koguna biyu suka haɗu.

Na je Aljirif in sanar da Kawu, ba shawara na je nema ba. Na tarar da shi tsugune yana cika ma'aunin katako da laka yana kifewa a ƙasa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

“Kawo ta a harif,” in ji shi.

“Kawu, harif fa? Ai sauro ne zai cinye ta.”

“Ya waladi, ɗana, dubi ƙafata.” Na duba, laka har gwiwa. “A shita haka nake daga asuba zuwa magariba. Bahar ya janye ya bar mana laka, mu buga tubali, mu jera shi, mu sa masa wuta. Wutar nan ba ruwanta da baƙo. In bahar ya cika, zai shanye filin nan kaf, ba aiki sai zama. Garin za ta zo gani, ko ni?”

Bahar shi ne kogin Nilu a bakinsu. Na so in ja maganar, na kawo zancen zazzaɓi, na kawo na taɓo, na ce ai yana iya ɗaukar hutu. Ya yi dariyar da ta ba ni haushi, ya ce, “Ba na jiran shita. Halas, magana ta ƙare.” Na koma makaranta ina gunaguni, ina cewa tsohon nan taurin kansa ya fi tubalinsa. Na aika gida ina fatan Inna za ta goyi bayana, tunda damina lokacin gonar gyaɗarta ne. Saƙonta ya dawo gajere: abin da Yaya ya ce shi za a yi. Mutumin da ba ta taɓa sani ba, har ya zama Yaya, ni na zama ɗan aike.

Ranar da ta sauka an kwana ana ruwa. Tasi ta ajiye mu a bakin kwalta ta ce iyakarta ke nan, muka ƙarasa a amalanken jaki, Inna na rungume da ƙullin daddawa da kuka da ta kawo tsaraba. Kawu ya fito da hannuwa a buɗe zai rungume ta, yadda mutanen Sudan ke yi, ita kuma ta riga ta durƙusa daga nesa tana gaishe shi irin ta gida. Ya tsaya da hannuwansa a sama bai san inda zai kai su ba. Haka kwanakin farko suka tafi. “Ina kwana, Yaya?” “Lafiya lau, alhamdulillah.” Iyakar hirar ke nan. Matarsa ba ta da Hausa sosai, ’ya'yansa kuwa kalma biyu sai su zame cikin Larabci. Inna ta zauna a gefen gado kamar wadda ta zo gaisuwar surukai, ni kuma ina kallon taɓo ina jin takaici.

Yoyo ne ya fara sasanta su. Wata safiya ruwa ya ɓarke, rufin ɗakin Kawu ya soma ɗiga, aka shiga jera kwanuka. Inna ta dubi sama, ta dube shi, kunyar ta kuɓuce mata. “Yanzu kai ne ke gina wa Khartoum gidaje, ɗakinka na yoyo haka?” Kawu ya ce, “Daga zuwanki?” Ta ce ai dole ta faɗa, tunda babu mai faɗa masa. Suka yi ta musu a kan yaɓe, har matarsa ta leƙo a tsorace, ta tarar suna dariya. Daga ranar ya ja gadonsa na igiya zuwa rumfar tsakar gida, ana dafa musu gahawa, suna hira tun hantsi har la'asar, don babu inda za shi. Omdurman sau ɗaya muka nufa, muka daɗe a layin gada, hadari ya taso, muka juyo. Laffayar ni na saya mata daga baya, ba ta ma so launin ba.

Sai abin da na guda ya faru, zazzaɓi ya kwantar da ita. Na tsorata ƙwarai, na kuma ce wa Kawu ga amfanin harif ɗinsa nan. Ya nemo magani, ya zauna kusa da ita da mafici, wuni bayan wuni. Wata azahar da jikin ya ɗan yi sauƙi, ina zaune ina matsa mata ƙafa, ta juyo ta dube shi.

“Yaya, me ya sa Baba ya ɗauke ka ya bar ni?”

Maficin ya tsaya. Kawu ya ce, “Bai bar ki ba, Auta. A kafaɗarsa kike har bayan gari. Jikinki da zafi, kamar yau. Kaka ta biyo mu ta karɓe ki, ta ce hanya za ta kashe ki. Ya ce da ya sauke farali zai dawo ya ɗauke ki.” Ya ci gaba da yi mata fifita. “Guzuri ya ƙare mana a ƙasar nan, muka tsaya tsintar auduga. In an gama auduga ya ce mu bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce, ruwa ya rufe hanya. Ruwa ya ɗauke, ga auduga ta sake nuna. Bai kai Makka ba, bai koma gida ba. Shi ma lokaci mai kyau yake jira.”

Na yi wa mutane da yawa godiya a zaman da na yi a Sudan, malamai da abokai da masu masauki, amma babu wanda nake gode wa kamar tsohon nan da ya ƙi jin maganata. Da na kawo ta a shita, da ta ga kasuwa ta ga koguna, ta gaishe shi da asuba yana saurin fita, ta koma gida da tambayarta.

Inna ta dubi rufin rumfar. Can ta ce, “Ashe ya yi niyyar dawowa.”

“Kowace shekara,” in ji Kawu.

Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Da ta buɗe, ta ce a dama mata kunu, yunwa take ji.