Baba Sannu da Motar da Ba Ta Tashi

Kafin rana ta gama fitowa Baba Sannu ya riga ya zagaya motarsa. Yakan bugi kowace taya da ƙafa, ya duba ruwa da baƙin mai, ya goge madubi da gefen rigarsa, sannan ya tsaya a bakin sito yana kallon masu lodi. Ba ya ɗaga murya. In aka ɗora buhun sukari a kan katan ɗin biskit, gyaran murya kawai zai yi, mai lodin ya sauke da kansa yana dariyar kunya. Sunan kuwa direbobi 'yan'uwansa ne suka laƙa masa, wai ko mai keke in ya yi niyya zai wuce shi a hanya. Bai taɓa jin haushi ba.

"Kwalabe nake ɗauke da su," yakan ce. "In kuna sauri, ga hanya nan."

Duk wanda ya taɓa bin babban titi ya san shagunan nan masu shuɗin rufi. Sun faro daga bakin gari suka yi ta jeruwa har inda gidaje ke ƙarewa, gonaki su fara. Rufinsu ɗaya, kantocinsu ɗaya, amma kasuwarsu ba ɗaya ba. Na bakin tasha burodi ba ya wuni a cikinsa. Na mararrabar asibiti ruwan roba da sabulu ne ke tafiya. Na gindin gada masu babura ne suka riƙe shi. Kana nisa da gari, ciniki yana sirancewa. A ofishin Manaja akwai taswira a bango, an soka wa kowane shago allura mai kai: kore ga mai tafiya daidai, ja ga wanda ke jan ƙafa. Baba Sannu ne ke kai wa dukkansu kaya, tun suna 'yan kaɗan har suka cika taswirar.

Shi ba ya sauke kaya ya juya. Sai ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, ya dubi abin da ƙura ta hau a kanta. In fitilu sun ƙi tafiya a wannan shago, zai nemi izini ya kai su inda ake yawan ɗauke wuta. Masu shagunan sun shaida cewa ko allura bai taɓa ɓatar musu ba.

Shago na ƙarshe a layin shi ne na Gwaggo. Kowa haka yake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Mace ce mai baki, mai tsafta, kuma a ɗakin da ke bayan shagon take zaune da 'ya'yanta mata biyu, don ɗakin yana cikin aikin. Da can akwai tudun rage gudu a gaban shagon, dole kowace mota ta lafa. Da aka faɗaɗa titi aka share tudun, sai motoci suka koma wucewa fuu, ba abin da suke bar mata sai iska. Allurarta ta koma ja, ta kuma zauna a ja.

Wata safiya Manaja ya kira Baba ofis. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kare shagon a gaban masu kamfani, har ya rasa abin faɗa.

"Baba, daga wata mai kamawa ka daina yi wa na ƙarshe lodi. Rufewa za a yi."

"To Gwaggo da yaran fa, ranka ya daɗe?"

Manaja ya dubi jar allurar da ke kan taswira.

Baba ya murza makullin mota a hannu. Sai ya ce, "Tsohuwar motar nan ta bayan sito, a ba ni aronta."

"Wacce? Wadda kaji ke ƙwai a cikinta? Baba, ai ko inji babu."

"Ba injin nake so ba."

Manaja ya yi dariya har da riƙe teburi, amma da ya ji bayani sai dariyar ta tsaya. Ya ce ya ba shi motar, ya kuma ɗaga wa shagon ƙafa zuwa ƙarshen damina, bayan nan ba shi da ta cewa.

Ranar hutunsa Baba ya ɗaure matacciyar motar a bayan tasa, ya ja ta tun daga gari. Waɗanda suka gamu da shi sun ce ranar ce ya ci sunansa da gaske. Gwaggo ta fito riƙe da tsintsiya ta tsaya tana kallo.

"Yaya Sannu, ban gama da baƙin cikin rufe shago ba, ka kawo min gawa ƙofar gida?"

"Samo min bokiti da omo, Gwaggo. Baƙuwa ce, wanka za a yi mata."

Ya wanke ta tas, ya sa aka hura tayoyin, ya faka ta a gefen titi kamar yanzu aka kashe ta. Ya sa dutse a bayan taya, ya buɗe ƙofar direba, ya rataya tawul a madubi. A inuwarta ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye duron ruwa da butoci. Sannan ya faɗa wa Gwaggo abin da shekarun tuƙi suka koya masa: direban doguwar tafiya ba ya tsayawa inda babu kowa, komai girman allon talla. Amma in ya hango babbar mota a tsaye, zuciyarsa za ta ce masa ɗan'uwana bai tsaya a banza ba, ƙafarsa ta nemi birki da kanta.

Abin bai ci nan da nan ba. Kwanaki suka shuɗe, motoci na wucewa. Da Baba ya dawo da kaya sai ya tarar Gwaggo ta ga ƙarfe a banza, ta shanya wanki a kai tun daga madubi har bodi.

"Haba Gwaggo! Wane direba ne ke yawo da zanen mata da rigunan makaranta a madubi? Kin tona mana asiri!"

"To ta yi wani amfani mana, tunda ciniki ya gagare ta."

Ta kwashe wankin tana mita. Amma Baba ya hango ta ƙofar baya an fara ɗaure tukwane a buhu don shirin barin ɗakin, kuma yaran sun daina dariya. Daga ranar ya sallama hutunsa. Duk ranar da ba ya aiki yakan hau motar haya da kuɗinsa, ya zo ya zauna a tabarmar nan da rana tsaka, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar mai jiran inji ya huce.

Damina ta kusa tsayawa ranar da wani mai tanka ya sa sigina ya gangaro. Ya diro yana share gumi.

"Baba, lafiya? Lalacewa ta yi?"

"Ta daɗe da lalacewa, ɗana, tun kana yaron mota. Ba zan yi maka ƙarya ba, ajiye ta muka yi don ku tsaya. Amma ruwan nan na gaske ne, inuwar ma haka, shagon kuma a buɗe yake."

Mai tanka ya leƙa inda inji ya kamata ya kasance, ya ga wayam, ya yi ta dariya har da zama a ƙasa. Ya wanke fuska, ya yi salla, ya shiga ya sayi burodi da lemo. Kafin ya fito wata tirela ta hango motoci biyu a tsaye, ita ma ta gangaro. A bayanta motar fasinja cike da mutane. Gwaggo ta rasa wanda za ta fara sallama, tana ba da canji tana share ido da bakin mayafi, tana kuma ce wa Baba ya daina tsaye kamar gunki ya miƙo mata katan.

Labari ya bi bakin direbobi. Yau in ka ce a haɗu a Mota-ba-ta-tashi, ba wanda zai tambaye ka ina ne. Manaja da hannunsa ya zare jar allurar ya soka kore, ya kuma aiko wa Baba da jar a cikin ambulan ɗin wasiƙa don tsokana. An gwada dabarar a wasu shagunan na nesa, har bakanikai suka ce matattun motoci sun yi tsada. Wani wurin ta ci, wani wurin ba ta ci ba. Da aka tambayi Baba dalili sai ya ce motar tsayar da mutum kawai take yi, fuskar mai shago ce ke dawo da shi.

Yanzu ido ya fara gajiya, Baba ya miƙa makulli. Kai ne, Baba, ka yi shekaru kana bin layin nan ba ka fasa kwalba ba, ba ka kuma fasa zuciyar kowa ba. Kai ne ka dubi jar allura a bango ka ga mace da 'ya'yanta, ka ga tukwane a buhu. Sannu-sannu, mai isa da kaya lafiya! Ba sunanka a allon kowane shago, amma ba shagon da babu sawun tayarka a ƙofarsa.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma da ke riƙe da makullan yau, direbobi da masu ofis, in kun kai kaya ku zauna a benci ko na ɗan lokaci ne, ku ga su wa ke bayan kantar.

Ba a kwance buhun tukwanen nan ba sai ranar da mai tanka ya tsaya. Ni na kwance shi, ni ce ƙaramar 'yar Gwaggo, kuma a ɗakin nan na bayan shago na rubuta wannan. In na ɗaga labule ina hango motar, ga tawul a madubinta, ga Baba a tabarma yana ɗaga wa masu wucewa hannu. Yanzu kullum ranar hutunsa ce.